Buhu a tsakar gida, fangali a lambu ko fita daji: wanne ya dace da ƙaramin yaro?

A Marwa da Garwa, a Arewacin Kamaru, iyaye da yawa sun gaji da ganin yaro ɗan shekara huɗu ya kifa kai a kan wayar uwarsa tun daga hantsi har azahar. Suna so ya fita ya taɓa ƙasa, ya san cewa kuɓewar da ke cikin miya a jikin itace take fitowa, ba a cikin kwandon mai talla ba. Hanyoyi uku ne a gaban mai wannan niyya: a shuka wa yaro wani abu a buhu ko tsohuwar roba a tsakar gida, a yanka masa fangali a ƙasa, ko a gida ko a lambun wani ɗan'uwa da ke bakin mayo, wato kogi, ko kuma a riƙa fita da shi yana ganin itatuwa da tsuntsaye da namun daji. Kowace hanya da abin da take ci na ruwa da kuɗi da lokaci, kowace kuma da irin haɗarinta. Ni dai ra'ayina a fili yake: yaron da bai kai shekara bakwai ba, da buhu za a fara masa. Ga dalilaina, ga kuma inda sauran biyun suka fi buhun.

Ruwa ne ke raba gardama a wannan yanki namu. Marwa na samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Garwa kuma wajen 1,000, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin kuwa da jarka ake yin lambu. A lokacin rani, ganyen da ke cikin fangali yana shan lita 5 zuwa 8 a kowace murabba'in mita kullum. Ke nan ɗan fangalin da bai wuce mita biyu a tsawo da mita biyu a faɗi ba zai shanye jarka guda mai lita 20 ko fiye, yau da gobe, ba hutu. Gidan da famfonsa ke yin kwana biyu bai kawo ruwa ba, ko wanda ake saye wajen 'yan ga-ruwa, ba zai jure wannan ba. Mako na uku uwa za ta ce ruwan girki ya fi muhimmanci, kuma gaskiyarta ne, sai ganye ya bushe a gaban idon yaro. Buhu kuwa buta ɗaya ta ishe shi a rana, sai in zafi ya tsananta a ƙara masa da yamma. Ba ma sai an ware masa ruwa ba. A ajiye shi kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba sau biyar a rana ya gangara cikinsa, a haɗa da ruwan wankin shinkafa da na ɗauraye ganye. Ruwan da aka yi wanki da omo ko wanda aka sa wa bilic kaɗai za a kiyaye, yana ƙona saiwa.

Haɗa buhun aiki ne na yamma ɗaya, kuma yaro zai iya sa hannu tun daga farko. A samo tsohon buhun shinkafa ko na masara, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda gindinsa da ƙusa wuri biyar ko shida domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Yashin yana da muhimmanci a unguwannin da ƙasarsu baƙa ce mai danƙo, wadda Fulani ke kira karal, irin wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Ita wannan ƙasa in ta jiƙe sai ta cuɗe, in ta bushe sai ta tsage ta yi tauri, ɗan tsiro ba ya iya keta ta. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona iri, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi yaro yana kai hannu baki ba tare da ya sani ba.

Akwai abin da nake so in ja kunne a kansa sosai, domin mu a ƙasar auduga muke. Tun da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974 noman auduga ya zauna da gindinsa a Arewa, kuma jarkoki da kwalaben maganin feshi sun cika ƙauyuka da kasuwanni. Kada a yanka irin wannan jarka a yi wa yaro tukunyar shuka, komai wankin da aka yi mata. Haka nan irin da ake sayarwa a leda ko a gwangwani, wanda za a ga an rina shi ja ko shuɗi, magani ne a jikinsa. Babba ne zai shuka shi, sannan ya wanke hannu. Yaro a ba shi waken da ke cikin kwanon girki, ko gyaɗar da ba a soya ba, ko 'ya'yan busasshiyar kuɓewa da kaka ta ajiye a tulu.

Abin da buhu ya fi kowace hanya a kai shi ne kusanci. Ƙaramin yaro ba ya da haƙurin jiran kaka, kuma abin da ba ya gani kullum ya fita daga ransa. Buhun da ke bakin ƙofar ɗaki kuwa, da ya farka zai je ya duba tun kafin ya wanke ido. A ba shi wake uku ya tura da ɗan yatsansa zuwa gaɓa ta farko. Kwana uku ko huɗu ƙasa za ta ɗago ta tsage, sai wani lanƙwasasshen wuya ya fito, fari-fari, yana jan ɓawon waken a kansa. Washegari wuyan ya miƙe, waken ya rabe biyu, ganye biyu sun buɗe a tsakaninsu. Yaro zai durƙusa ya kafa masa ido, ya kira uwarsa da ƙarfi: "Inna, zo ki gani, nawa ya fito!" Uwar ta ce: "Ma sha Allah, Baba na, kada dai ka ja shi." Zai ja ɗaya, ba makawa, don ya ga abin da ke ƙasa. Shi ya sa ake shuka uku. Wanda ya tumɓuke ma ya koya masa saiwa, a bar shi ya duba ta da kyau.

Zaɓen abin shukawa ya fi zaɓen buhun muhimmanci. Alayyafo shi ne na farko a wurina: yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da yashi a tafin yaro ya barbaɗa. Yakuwa, wadda a kasuwannin Marwa za ka ji ana kira folere, tana jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma yara na son tsaminta. Kuɓewa tana ɗaukar wajen wata biyu kafin ta ba da 'ya'ya, amma tana biyan jira da furenta mai ruwan ɗorawa da jan ciki, wanda ke buɗewa da safe ya rufe kafin yamma, bayan 'yan kwanaki sai ga 'yar kuɓewa a gurbinsa. Ba ta son sanyi, don haka ba a shuka ta a tsakiyar hunturu. Tumatir da albasa da karas na bar wa manya. Tumatir sai an yi reno an dasa, ga tsutsa, ga zubar fure in zafi ya yi yawa, albasa kuma wata huɗu ko fiye take yi, yaro ya manta da ita tuni. Zogale a shuka shi, amma ba don buhu ba: in ya kai tsawon gwiwa a fitar da shi a dasa a ƙasa a jikin katanga, ya zama itacen yaron, suna girma tare.

Buhu ma yana da nasa aibi, kada a ce ban faɗa ba. Ƙasarsa kaɗan ce, tana bushewa da wuri, kwana biyu ba ruwa a watan Afrilu ya isa ya kashe komai. In roba baƙa ce ko gwangwanin ƙarfe, rana na dafa saiwa daga gefe. Tsohuwar taya kuwa ruwa na kwanciya a cikin leɓenta, sauro kuma mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, don haka in za a yi amfani da taya a cika ta da ƙasa har baki. Wuri mafi kyau shi ne inda hantsi ke bugawa, inuwar darbejiya ko ta katanga ta rufe shi bayan azahar. Kaji da awaki su ne manyan abokan gaba. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu ya fi shingen ƙaya, domin ƙayar da ke hana akuya ita ce ke sukan ƙafar yaro. Sannan abin da za a samu a buhu bai taka kara ya karya ba, miya ɗaya ce ko biyu. Wanda ke neman rage kuɗin cefane, ba nan zai nema ba.

A nan fangali ya fi. Ƙasa tana riƙe danshi, saiwa na tafiya yadda take so, kuma amfani na fitowa da yawa har a kai wa maƙwabta. Yaro yana ganin abubuwan da buhu ba ya nunawa: tana a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙudan zuma a kan furen kabewa, kwaɗo a ƙarƙashin ganye, tsutsar da za ta zama malam-buɗe-littafi. Yana kuma ganin aiki na gaske, yadda ake buɗe wa ruwa hanya da fartanya ya shiga fangali ɗaya, a toshe, a buɗe wa na gaba. Wanda ke da kawu ko baffa mai lambu a wajen Meskine kusa da Marwa, inda albasa ta yi suna, ko a fadamun bakin Binuwai, yana da dukiyar da ya kamata 'ya'yansa su sani. Sai dai lambun kasuwa ba don ƙananan yara aka yi shi ba. Akwai rijiya marar murfi, akwai injin ban ruwa, akwai feshi, kuma mai lambu yana da aikinsa, ba zai bar shi ya tsaya gadin ɗan shekara uku ba. Nisa ma matsala ce: in sai an hau babur za a je, to sau ɗaya a mako za a riƙa zuwa, kuma a tsakanin zuwa da zuwa wani ne ke ban ruwa. Shukar ta zama ta baffa ke nan, yaro baƙo ne a wurinta.

Saboda haka nake ganin fangali na yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas ne, wanda zai iya ɗaukar ƙaramin bokiti, ya bambance ciyawa da shuka, ya kuma ji kashedi ya riƙe. Kuma lokacinsa damina ne. Babban hutun makaranta a Kamaru yana faɗawa Yuli da Agusta, daidai lokacin da sama ke ban ruwa kyauta. Gidan da ke da ɗan fili a bayan ɗaki, a yanka wa yara kunya biyu ko uku su shuka gyaɗa da masara da kuɓewa. Gyaɗa tana da wani abin mamaki da ya cancanci a nuna musu: furenta a sama yake buɗewa, in ya bushe sai wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya shige ƙasa, a can 'ya'yan ke yi. Wajen wata uku ake tonewa. A kula dai da ciyawa, kada a bari ta yi duhu, domin kwarin Binuwai ya yi ƙaurin suna wajen kububuwa, macijin da ke kwanciya a ƙarƙashin tarin kara da duwatsu. Takalmi a ƙafa, kuma kada yaro ya sa hannu a rami ko ya ɗaga dutse, kunama ma tana nan.

Sai fita daji. Allah ya ba Arewacin Kamaru abin da wasu ke hawa jirgi daga Turai su zo gani. Gandun dajin Waza, wanda aka keɓe tun 1934 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700 ne, yana da raƙuman dawa da giwaye da jiminu da garken mariya. Gandun Binuwai da ke tsakanin Garwa da Ngaundare yana da dorina da kada da birai. A Garwa ne ma aka kafa makarantar horar da ma'aikatan kula da namun daji a 1970, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa karatu. Abin takaici ne yaro ya tashi a nan bai taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a hoto. Duk da haka ba zan ba uwa shawarar ta ɗauki ɗan shekara uku zuwa Waza ba. Tafiyar wajen kilomita 120 ce daga Marwa. Lokacin da dabbobi suka fi ganuwa, wato Maris da Afrilu da suke taruwa a bakin 'yan tafkunan da suka rage, shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma ƙaramin yaro jikinsa na rasa ruwa da sauri fiye da na babba. Ga kuɗin mota da na shiga da na ɗan jagora. Ga kuma tsaro: tun 2013 da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a kusa da wurin, yankin bai koma yadda yake a da ba, kuma duk mai niyyar zuwa sai ya tambayi hukuma halin da hanya ke ciki. Yaro zai yi awa uku a mota yana gumi, a nuna masa giwa can nesa, shi kuwa hankalinsa na kan ƙadangaren da ke gefen taya. A bar wannan tafiya sai ya kai shekara tara ko goma, lokacin da zai riƙe abin da ya gani. Mazauna Garwa suna da gidan namun daji a cikin gari, awa ɗaya da safe ta isa.

Fitar da ta dace da ƙanana ita ce ta kusa, wadda ba ta cin ko sefa. Da rani Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga yashi ne shimfiɗe a tsakiyar Marwa, kuma da la'asar sakaliya babu filin wasa kamarsa. Yaro ya tona rami da hannu ya ji yadda yashin ke ƙara sanyi da danshi, ya gane cewa kogin bai mutu ba, ruwan na ƙasa. Da damina kuwa a yi nesa da shi, domin ruwa na iya gangarowa daga duwatsun Mandara farat ɗaya, ko da ba a yi ruwa a gari ba. A bayan gari akwai itatuwan da kowane yaro ya kamata ya san sunansu da ɗanɗanonsu: aduwa, magarya, kurna, goruba, tsamiya, kuka. Akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya kuma yi ganye da rani, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona. Akwai shamuwa da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa, da balbela a bayan shanu. Irin wannan fita ta fi daɗi in da tsoho a ciki. Kaka ce za ta tsinki ganye ta murza ta ce: "Sansana nan, Uwata, wannan tafasa ce, ita muke yi wa kwaɗo." Gani ya kori ji, kuma abin da kaka ta sa a hancin jikanta ba ya ɓacewa.

A wannan fitar ne kuma ake koya wa yaro abin da ba a taɓawa. Ruwan tumfafiya yana cutar da ido. 'Ya'yan zurman da na bini-da-zugu suna kama da abin ci amma guba ne, haka ma zaƙami. Ruwan da ke kwance a tafki ko a magudanar shinkafa, irin na wajen Maga da Lagdo, yana ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. A ce wa yaro ya tsaya a gaɓa ya kalla. Ko a gida ma, durom da bokitin da aka tara ruwan ban shuka a rufe su, domin mai rarrafe yana iya kifawa a ciki cikin ƙiftawar ido.

In an dubi gidajenmu ɗaya-ɗaya, zaɓin ba shi da wuya. Mai haya a ɗaki biyu da tsakar gida ta siminti, buhu ne nasa, kuma in ya tashi ya ɗauki abinsa. Mai fili da rijiya ko famfo mai kawo ruwa, yana iya haɗa biyu: buhu ga ƙanana, fangali ga yayyensu. Gidan da yara suka yi yawa, kowa a ba shi buhunsa a rubuta sunansa da gawayi, domin buhu ɗaya na mutum huɗu faɗa yake kawowa, ko kuma a yi ta zuba masa ruwa har saiwa ta ruɓe. Don a rage wannan ɓarna, a huda murfin gorar ruwa da allura mai zafi wuri huɗu ko biyar, a ce wa yaro gora ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ruwan na fita a hankali, ba ya tone iri, kuma gorar ba ta fi ƙarfin hannunsa ba.

Lokacin farawa kuma a kula da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ganye ya fi yin kyau a buhu, latas ma yana yi, ƙwari sun ragu, rana ba ta da zafi. Yuni da Yuli na wake da gyaɗa da kuɓewa ne. Wanda niyyar ta zo masa a Maris ko Afrilu, ya dakata da shuka. Ya yi amfani da waɗannan makonni wajen tara buhuna, ya tara taki a rami yana yayyafa masa ruwa ya ruɓe, ya kuma sa yara su ɓare busasshiyar kuɓewa da ƙwanson zogale su adana irin a kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa har ruwan farko ya sauka.